Tatata a Lambu: Van Gogh da Kwafin Zanen Millet

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurari murya.

Yau kudancin Faransa za mu je, watan Janairun 1890, kuma a kan zane guda ɗaya za mu zauna. Bari in fara kwatanta muku shi. Lambu ne ɗan ƙarami a bayan gidan manomi. A hagu ga magidanci ya yar da sheburinsa a ƙasa, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya miƙa hannuwa biyu, baro na ajiye a bayansa. A dama ga matarsa ta sunkuyo tana tallafe da 'yar jaririya mai riga ruwan hoda, ita kuma yarinyar ta miƙo nata hannuwan tana son ta taka zuwa wurin uban. Tatata kenan. A baya akwai danga da aka yi shanyar fararen kaya a kai, da bishiya, da bangon gida. Sunan zanen Takun Farko, tsawonsa wajen santimita 72, faɗinsa 91, kuma yau yana gidan adana zane-zane na Metropolitan a birnin Niyok. Wanda ya yi shi Vincent van Gogh ne.

To amma fa ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Uban da ya durƙusa, uwar, yarinyar, baron, shanyar, duk wani ne ya tsara su tun kimanin shekara talatin kafin nan, Jean-François Millet. Masu Turanci kada ku ce gero, Bafaranshe ne, “Mile” ake furtawa. Van Gogh kwafa ya yi, daga hoto baƙi da fari, yana kwance a asibitin masu taɓin hankali. Tambayar da ta sa na ɗauko wannan labari ita ce: me zai sa mutumin da ya riga ya zana Dare Mai Taurari wata bakwai kafin nan ya koma yana kwafin aikin wani kamar ɗan koyo?

Sai mun koma baya kaɗan.

An haifi Vincent a Holand a 1853, ɗan limamin coci ne. Yana shekara 16 ya shiga aiki a kamfanin dillancin zane na Goupil, ya yi musu aiki a Hague da Landan da Faris, aka sallame shi a 1876. Ya taɓa koyarwa a Ingila, ya taɓa aiki a shagon littattafai, ya gwada karatun addini bai kai labari ba, ya tafi wa'azi cikin masu haƙar kwal a yankin Borinage na Beljiyam, can ma aka dakatar da shi. Sai a 1880, yana shekara 27, ba aiki ba kuɗi, ya ce zane zai yi. Ba malami, ba makaranta. Abin da ya yi shi ne ya rubuta wa ƙaninsa Theo ya aiko masa da bugaggun hotunan Millet, sannan ya samu darussan zane na wani Charles Bargue. A cikinsu akwai jerin shafi sittin na surar jikin mutum da ake kwafa da gawayi. Ya kwafe su tas, ya sake komawa farko, ya kuma sakewa. A wani ɗan ɗaki a ƙauyen Cuesmes ya yi wannan aiki. Ashe tun ranar farko da kwafi ya buɗe ido.

Shi kuwa Millet, ɗan manoma ne daga Normandy, an haife shi a 1814, ya koma ƙauyen Barbizon a 1849 ya zauna har mutuwarsa a 1875. Abin da ya yi suna a kai shi ne zana talakawan karkara suna aiki: mai shuka, masu kalar alkama bayan girbi, mata da miji sun tsaya addu'a a gona da yamma. A zamanin da manyan masu zane ke zana sarakuna da gumakan Girka, shi sai ya ba manomi girman da ake ba sarki, har wasu masu kuɗin Faris suka riƙa zarginsa da hura wutar juyin juya hali. A shekarar da ya mutu aka baje kolin zane-zanensa a Faris kafin a yi gwanjonsu, Vincent yana saurayi ɗan shekara 22 ya je ya gani, ya rubuta wa Theo cewa ji ya yi kamar ya tuɓe takalmi don ya shiga wuri mai tsarki. Daga baya ma “baba Millet” yake ce masa. Ba su taɓa haɗuwa ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Burin Vincent tun farko shi ne ya zama mai zana mutane, kamar Millet. Mu yau furannin sunflawa da taurari muka san shi da su, amma shi a ransa mutum ne ma'aunin gwaninta. Kuma nan ne hannunsa ya fi ba shi wahala. A 1885 ya yi zanen da ya ɗauka shi ne babban aikinsa na farko, Masu Cin Dankali. Abokinsa Anthon van Rappard, wanda ya yi makarantar zane, ya ga bugun da aka yi na zanen, ya rubuto masa wasiƙa ya yi kaca-kaca da shi, yana nuna masa hannuwa da gaɓoɓin da ba su zauna daidai ba. Abotarsu ba ta sake komawa yadda take ba. A farkon 1886 ya shiga makarantar zane ta Antwerp, makonni kaɗan ya yi suka saɓa da malamai ya kama hanyar Faris.

Akwai kuma matsalar kuɗi. Idan kana son zana mutum yadda ya kamata, sai ka samu wanda zai zauna maka awa da awanni bai motsa ba, kuma biyansa ake yi. Vincent da kuɗin da Theo ke turo masa duk wata yake rayuwa, a ciki zai ci, ya biya haya, ya sayi fenti. Fure ba ya karɓar ko sisi, bishiya ba ta cewa ta gaji. Shi ya sa ma ya yi ta zana fuskarsa a madubi, ba wai son kai ba ne, shi ne kaɗai mai zama kyauta.

Mutum a cikin lambu kuwa wahalarsa biyu ce. A ɗaki, bango na bayansa shiru, haske daga taga ɗaya. A lambu ganye ta ko'ina, haske a warwatse, kore na neman haɗiye komai. Dole mai zane ya san yadda zai dasa ƙafar mutum a ƙasa kada ya zama kamar an yanko shi an manna, ya san girmansa idan an gwada da danga da bishiya, ya kuma raba launin rigarsa da na ganye ba tare da ya zama bare a wurin ba.

Vincent ya yi ta karo da wannan. A ƙarshen 1887 a Faris ya ɗauki wani bugun katako na Hiroshige, gwanin Japan, mai nuna lambun itatuwa masu fure a Kameido, da 'yan mutane ƙanana can nesa bayan shinge. Ya ɗora takarda mai shara-shara ya bi layukan, ya ja mata gida-gida, ya mayar a kan ƙyalle da fentin mai. Ya ƙara wa launukan zafi, ya yi masa gefe ruwan goro, ya cika gefen da haruffan Japananci da ya tsinto daga wasu hotunan. Bai iya karanta ko ɗaya ba, ado kawai ya ɗauke su, don haka Bajapane in ya karanta ba zai ga kan maganar ba.

A 1888 a garin Arles ya gwada yi da ka, ba kwafi ba mai zama. Sau biyu yana fara zanen Annabi Isa a lambun zaitun kamar yadda labarin yake a wurin Kirista, sau biyu yana kankare fentin, yana cewa sura mai nauyi irin wannan ba a yin ta ba tare da mutum a gabanka ba. Da Paul Gauguin ya zo suka zauna gida ɗaya, ya yi ta zuga shi ya riƙa zane daga tunani. A Nuwamba ya yi Tunawa da Lambun Etten, mata biyu a gaba da ke tuna masa mahaifiyarsa da ƙanwarsa, wata kuma ta duƙa tana aiki cikin furanni. Zanen yana gidan Hermitage a Rasha yanzu, mutane na layi su kalla, amma shi da bakinsa ya gaya wa Theo cewa ya ɓata shi. Ni dai ina ganin ya tsananta wa kansa, sai dai in ka duba za ka fahimci abin da ke damunsa: matan kamar a gaban labule suke, ba a cikin lambun ba. Bayan 'yan makonni, ranar 23 ga Disamba, aka yi abin nan na kunne da kowa ya sani.

Ranar 8 ga Mayun 1889 ya kai kansa asibitin Saint-Paul da ke Saint-Rémy, tsohon gidan 'yan zuhudu ne da aka mayar wurin jinya. Likitan wurin, Dakta Peyron, ya ɗauki ciwon a matsayin wani nau'in farfaɗiya. Aka ba shi ɗaki biyu, na kwana mai taga da sandunan ƙarfe tana kallon gonar alkama, da wani na aiki. Watannin farko ya yi aiki kamar ba gobe, a lambun asibitin da gonakin kewaye. A tsakiyar Yuli ciwon ya buge shi yana cikin zane a waje, bai dawo hayyacinsa sosai ba sai ƙarshen Agusta. Da ya farfaɗo tsoron fita ya kama shi. Ga shi a ɗaki, hannu na ƙaiƙayi, masu zama sun yi ƙaranci: ya zana kansa, ya zana shugaban masu jinya da matarsa, sai me?

Wani ɗan hatsari ne ya buɗe ƙofar. Yana da bugun wani zanen Delacroix da yake ƙauna, lokacin rashin lafiyar ya faɗa cikin mai da fenti ya lalace. Abin ya yi masa ciwo, sai ya zauna ya mayar da shi da launi a kan ƙyalle. Daga nan ya jawo jerin hotunan Millet na ayyukan gona, irin waɗanda ya fara da su shekara tara baya, ya shiga yi musu haka ɗaya bayan ɗaya: mai yankan alkama, mai ɗaurin dami, mai sussuka, masu sausayar tumaki. Theo ya ga abin ya karɓe shi, ya ƙara aiko masa da wasu a watan Oktoba. Tsakanin kakar 1889 da hunturun 1890, kwafin Millet kaɗai ya yi guda 21. Ban da na Rembrandt da Daumier da Doré.

Ga yadda ya yi Takun Farko. Millet bai yi nasa da fentin mai ba, da baƙin alli ya zana shi wajajen 1858, ya kuma maimaita shi daga baya. Abin da ya iso hannun Vincent hoton kyamara ne na zanen, baƙi da fari, ƙarami. Ya ɗauki fensir ya ja layuka a tsaye da a kwance a kan hoton, ya zama gida-gida kamar dara. Ya ja gidaje masu yawan haka a kan babban ƙyalle. Sai ya bi gida bayan gida: gwiwar uban a gida kaza take, kan yarinyar a gida kaza. Masu zanen fensir da ke saka aikinsu a Facebook, na san kun gane dabarar, ita ce dai wadda kuke yi da hoton waya, kuma ta girmi Van Gogh da ɗaruruwan shekaru.

Ku lura da abin da wannan ya sauke masa. Duk abin da ke kayar da shi, Millet ya riga ya warware: yadda bayan uwa ke lanƙwasa idan ta tallafi yaro, inda nauyin mai durƙuso yake sauka, tsawon hannu idan an gwada da cinya. Kuma ku tuna, wannan yanayi ne da ba mai iya zama maka a kai. Wace jaririya ce za ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama na awa biyu? Abu ne na ƙiftawar ido, sai wanda ya gan shi sau ɗari a tsakar gidansa. Millet yana da 'ya'ya tara. Vincent ba shi da ko ɗaya.

Abin da hoton bai ba shi ba shi ne launi, kuma nan ne gonarsa. A hoto baƙi da fari, inuwa baƙa ce kawai. Shi sai ya tambayi kansa, wannan duhun wane launi ne, wannan hasken wane launi ne? Ya sa wa uba da uwa shuɗi mai haske, ya zagaye su da layi shuɗi mai duhu don kada ganye ya cinye su. Wannan shuɗin ya watsa shi cikin inuwar ƙasa da bangon gida da danga, shi ya sa mutanen suka zama 'yan wurin, ba baƙi ba. Ƙasa da ganye kore da ɗorawa, da gajerun shafar buroshi masu lanƙwasa. Yarinyar ce ya ware da ruwan hoda, don ido ya sauka a kanta. Fuskoki kuwa kusan babu, ɗan ɗigo ne da shafa. Duk maganar a hannuwa take, da kuma filin nan da ke tsakanin hannun uba da na 'yarsa, taku uku ko huɗu da ba a riga an yi ba. Wannan filin na Millet ne. Amma sanyin safiyar da ke cikinsa, wanda za ka ji kamar damina ta kusa, na Vincent ne.

Shi kansa ya san za a yi magana. A wasiƙunsa ya yi ta kare abin da yake yi, alamar yana damunsa, har ya ambaci fargabar kada a ce satar fasaha ce. Hujjarsa biyu. Ta farko daga kiɗa: idan makaɗi ya kaɗa abin da Beethoven ya tsara, ba a ce masa ɓarawo, ana sauraron yadda shi ya fassara shi ne, to me ya sa mai zane kaɗai ake tilasta wa kullum sai ya zama shi ne mai tsarawa? Ta biyu, ya ce shi ba kwafi tsagwaro yake yi ba, fassara ce daga harshen baƙi da fari zuwa harshen launi. Ya ƙara da cewa yana koyo a ciki, kuma yana samun lallashin zuciya. Ya ma yi fatan a riƙa rataye hotunan Millet a makarantu, don a ganinsa akwai yaran da za su zama masu zane in dai sun ga abu mai kyau.

Ni a nawa ganin, hujjar da ta fi waɗannan ƙarfi ita ce bai taɓa ɓoyewa ba. Duk inda ya ambaci waɗannan ayyuka, da sunan Millet yake haɗa su, kuma har yau haka aka rubuta a jikin bangon gidan adanawa: Takun Farko, bisa aikin Millet. Sannan ba kasuwa ya yi su don ita ba. A bazarar 1889 ɗin nan aka yi gwanjon zanen Millet na masu addu'a a gona a kan faran 553,000, alhali zanen Vincent da aka saya a Brussels a farkon 1890, Jar Gonar Inabi, faran 400 aka biya. Mai son cin arziƙin sunan Millet da jabu zai yi, ya sa hannun Millet a ƙasa. Shi kuwa ko makaho ya shafa kaurin fentin ya san ba Millet ba ne.

Akwai wani abu kuma da ya sa wannan zanen ya fita daban cikin ashirin da ɗayan. Theo ya yi aure a Afrilun 1889, ya auri Johanna Bonger, wadda ake kira Jo. A watan Yuli ta rubuto wa Vincent cewa tana da juna biyu, kuma in namiji ne sunansa za a sa. Ku sa kanku a matsayinsa. Ƙaninka ne ke biyan kuɗin asibitinka da fentinka, shekara kusan goma yana ɗauke da kai, yanzu ga mata ga jariri na tafe. Murna tana nan, tsoron zama kaya ma yana nan. Shi da ya so ya yi iyali bai samu ba, a watan da ake jiran haihuwar ya zauna a ɗakin asibiti, 'yan makonni bayan wani bugun ciwon da ya sa har ya yi yunƙurin haɗiye fenti, yana zana uba da ya ajiye aiki ya buɗe hannu. Ranar 31 ga Janairun 1890 Jo ta haihu, namiji, aka sa masa Vincent Willem. Shi kawun ya so a ce sunan mahaifinsu aka sa. Kyautar da ya yi wa jaririn wani zanen ne daban, rassan almon masu farin fure a kan shuɗin sama, wanda ya fara cikin Fabrairu. Yana gama shi ciwon ya sake kayar da shi, wannan karon kusan wata biyu.

Da kayan suka isa Faris, Theo ya buɗe ya duba, ya rubuto a farkon Mayu cewa kwafin Millet ɗin nan wataƙila su ne mafi kyawun abin da wan nasa ya taɓa yi, kuma sun sa shi tunanin ranar da Vincent zai fara tsara mutane da kansa za a sha mamaki. Theo dillalin zane ne, idonsa abincinsa ne, ba daɗin baki yake yi ba.

Vincent ya bar asibitin ranar 16 ga Mayun 1890. Ya tsaya kwana uku a Faris, ya ga Jo da takwaransa karo na farko, ya wuce ƙauyen Auvers. Kuma kun san abin da ya roƙi Theo a wasiƙunsa na farko daga can? Ya aiko masa da darussan gawayin Bargue, shafi sittin ɗin nan na Cuesmes, wai yana bukatar ya sake kwafarsu don awon jikin mutum bai zauna masa ba tukuna. Mutumin da ya yi zane sama da 800 da fentin mai kenan. Theo ya aika, shi kuma ya fara. Ranar 27 ga Yuli harsashi ya shiga ƙirjinsa, galibin masana sun tafi a kan shi ya harbi kansa, ya mutu ranar 29 yana shekara 37. Theo bai yi wata shida cikakku a bayansa ba, ya bi shi a Janairun 1891.

Jo ce ta riƙe zane-zanen da wasiƙun, ta yi shekaru tana tallata su har duniya ta waiwayo. Jaririn nan kuwa ya girma ya zama injiniya, kuma shi ne ya miƙa tarin kayan kawunsa ga gidauniyar da ta kai ga buɗe gidan adana zane-zanen Van Gogh a Amsterdam a 1973. Shi Takun Farko hanyarsa daban ya bi, ya ratsa hannun masu saye har aka ba gidan Metropolitan shi kyauta a 1964.

Mai data ya nemi hotunan biyu a intanet, na Millet da na Van Gogh, ya jera su a waya, ya fara duba inuwar da ke ƙarƙashin baron. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.